Aladen da na guje wa a Foshan

Zuwana na farko birnin Gwanzu na ƙasar China, ko jaka ban ajiye ba na ce wa yaron da ke mana tafinta, wani ɗan Zariya mai karatu a can, ya nuna mini yadda ake rubuta alade, in san maƙiyina da ido. Ya juya rasit ya hau zane. Ga saniya 牛, ga tunkiya 羊 da ƙahonta biyu. Sai ya zana 豕, ya ce tsohon harafin alade ke nan, in na karkata kai zan ga ƙafafu da wutsiya. Wai tun zamanin daular Shang, sama da shekara 3,000, masu duba na sarki ke sassaƙa irinsu a ƙashin kafaɗar sa da ƙoƙon kunkuru, su ɗana wuta, su karanta tsagewar. Sai a 1899 aka gane rubutu ne, bayan an daɗe ana daka ƙasusuwan ana sha don magani.

Yana da sauran bayani, amma ni na riga na naɗe rasit. Rubutun da duk zane ne ai ba zai gagari wanda ya yi allo ba.

Bayan kwana uku muka tafi Lecong a Foshan, inda shagunan gadaje da kujeru suka jeru har ido ya gaji, don kayan ɗakin 'yata. Ina ɗaga kai a ƙofar shagon farko, sai ga 家具 da jan fenti. Na zaro rasit, na duba. Shi ne, ya shige ƙarƙashin wani ɗan rufi ya lafe. Shago na biyu, shi. Na uku, shi, har da fitila mai walƙiya. Ga kujerun fata suna ta sheƙi.

Na ja burki ina salati. Mai shago ta fito da shayi, na ɓoye hannu a baya. Na ce, "Kai, gaya mata 'yata ba za ta zauna a fatar alade ba, ko kyauta ce."

Yaron nan dariya ta kayar da shi a kan kujerar da nake gudu. Da ƙyar ya ce, "Alhaji, wannan jia ne, gida! Kayan gida aka rubuta." Rufi a sama, alade a ƙasa. Wasu masana sun ce manomin da can ba ya raba gidansa da alade, wasu sun ce don sauti aka sa shi. Ashe mafi yawan haruffan haka suke, gefe ma'ana, gefe sauti. Uwa 妈 mace ce da doki, ba don iyayensu na haniniya ba, sai don duka biyun "ma" ake cewa, karin sauti ne ya raba.

"In wannan za ka guje wa, Alhaji, sai dai filin jirgi, don kalmar ƙasa ma, 国家, yana ciki."

Na karɓi shayin don in rufe kunya. Sai ya ƙara da cewa aladen da ke takardar abinci 猪 ake rubuta shi yanzu, kuma in na ga 肉, wato nama, shi kaɗai babu saniya ko tunkiya a gabansa, to galibi shi ne. Abin nema 清真 ne, halal, wanda ke cikin bayanin da na katse.

Sai jikina ya yi sanyi. Da safe, yana sayen tikiti, na sayi wani farin burodin turara mai nama a ciki guda biyu, bayan na bincike allon tsaf ban ga mai wutsiya ba. Na sa hannu a aljihun jamfa. Suna nan da ɗuminsu, a leda, kusa da carbina. Ya karɓi ledar ya karanta, bai ce komai ba, ya miƙa wa mai shago.