Tumbi ba kwaɗayi ba ne kawai, ƙwaƙwalwa ke riƙe da lissafin

A Abuja dai in aka ga mutum da tumbi abu biyu ake cewa, ko ya samu kuɗi ko kuma ci ne da shi. Ni a ganina duka biyun ba a masa adalci ba, don lissafin yunwa da ƙoshi can cikin ƙwaƙwalwa ake yinsa, a wani ɗan lungu da likitoci ke kira haifotalamos.

Kitsen jiki yana fitar da sinadarin leptin, wanda Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano a 1994, aikin sinadarin shi ne ya gaya wa ƙwaƙwalwa akwai ajiya, a rage ci. Ciki kuma in ya zama wayam sai ya saki girelin, sinadarin yunwa, Japanawa suka gano shi a 1999, shi ke sa ka kasa zama a ofis kafin azahar. Toh mai ƙiba leptin ɗinsa a cike yake amma ƙwaƙwalwar ta daina sauraronsa, in ya matsa wa kansa ya sauke kilo goma sai leptin ya faɗi girelin ya hau jiki ya rage ƙona abinci, ita ƙwaƙwalwar gani take fari aka shiga. Wani bincike a Ostareliya a 2011 ya nuna shekara guda bayan rage ƙiba, girelin ɗin bai koma daidai ba. Sai kuma a ce mutum ba shi da juriya, haba.

Shi ya sa shayin rage tumbin nan da ake tallarsa a Facebook da kasuwar Wuse bai burge ni, wanda zai sa ka zarya a bayi ruwa kawai ya zubar maka, bai je kusa da ƙwaƙwalwa ba. Allurar rage ƙiba ta Wegovy da Amurka ta amince da ita a 2021 ita tana kwaikwayon GLP-1 ne, sinadarin ƙoshi na hanji, amma ga tsada, kuma yawanci in aka daina ƙibar na dawowa. Ba abin saya ba ne a kemis ba tare da likita ba.

Abin da ba ma kula da shi barci ne. Ƙarancin barci na ɗaga girelin ya sauke leptin. Ma'aikacin da ya fito daga Mararaba da asuba saboda cunkoson Nyanya, ya dawo tara na dare ya tsaya wurin mai shayi, indomi biyu da ƙwai uku da shayi mai kauri, kafin a masa wa'azin motsa jiki a fara tambayarsa awa nawa ya kwanta jiya.