Tsibiran Lagdo: a je a gani, amma ba da sifika ba

Duk ƙarshen shekara, da sanyi ya sauka hutu ya kama, wayoyinmu kan cika da hotunan waɗanda Allah Ya hore wa. Wane yana Zanzibar, wance tana Kiribi ta tsoma ƙafa a teku. Mu mutanen Garwa da Marwa a Arewacin Kamaru sai mu bi su da "Masha Allah", kamar dai tsibiri wani abu ne da ba a rubuta wa ɗan Arewa ba. Alhali sama da kilomita 50 daga Garwa, in ka bi hanyar Ngong, akwai ruwan da ido ba ya ganin ƙarshensa, da tsibiran duwatsu a tsakiyarsa, ɗaya ma har ana kiransa Madagaskar.

Tafkin Lagdo ba halittar asali ba ne. 'Yan Sin ne suka tare kogin Binuwai tsakanin 1977 da 1982, aka kafa injina huɗu masu ƙarfin megawat 72 gaba ɗaya, su ne wutar da Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da ita. Da ruwa ya taru sai ya haɗiye gonaki da kwaruruka, ya bar kawunan duwatsu a waje. Tsibiran nan ke nan. Abin da ke kan dutsen lokacin da ruwa ya kewaye shi, nan ya zauna, kuma cikinsu akwai rema, wadda saboda ita ake kiran ɗaya daga tsibiran Île aux Damans, wato tsibirin remaye.

Wanda bai taɓa tsayawa ya kalli rema ba zai ce ai gafiya ce marar wutsiya. Masana dabbobi kuwa sun ce cikin abin da ke raye a yau, giwa da ayu ne danginta na kusa. Jikinta ba ya riƙe ɗumi sosai, shi ya sa da hantsi za ka gan su jere a kan falalen dutse suna shan rana, wasu sun ɗora kai a bayan wasu. Ɗaya kan hau can sama tana gadi. Da ta hango shaho ko mutum sai ta yi wani siririn kuka, kafin ka ɗaga waya duk sun shige kogo. Tafin ƙafarta taushi gare shi da damshi, tana hawa dutsen da akuya ba za ta gwada ba. Wuri ɗaya suke kashi da fitsari, kaka da jika, har ka ga farin zane ya gangaro a jikin dutse, da shi ne masu jirgi ke gane inda suke. Kuma ga abin da ya fi muhimmanci ga maganata: cikin rema wata bakwai ne zuwa takwas, 'ya'yan kuma ba su da yawa. Dabba ce da in aka rage ta, ba ta saurin mayarwa.

A da Turawa ne ke zuwa irin waɗannan wurare. Tun da aka sace iyalin nan 'yan Faransa a kusa da gandun dajin Waza a watan Fabrairun 2013, ƙafarsu ta ɗauke daga Arewa, otal-otal suka yi tsit, masu yi wa baƙi jagora suka koma acaɓa da noman masara. Waɗanda suka fara cike gurbin mu ne: ɗaliban makaranta, ƙungiyoyin ma'aikata, abokan ango, matan adashe. Ni dai murna nake yi da wannan. Yaron da ya taɓa ganin dorina ta hura hanci a gefen jirgi ba zai ƙara ɗaukar daji a matsayin wurin saran itace kawai ba. Gani ya kori ji.

Matsalar ita ce yadda muke zuwa. Da ɗabi'ar biki muke tafiya. Ana loda jirgi har bakinsa ya kusa shafar ruwa, a ɗora sifika mai batir, da kulolin shinkafa, da buhun ruwan leda. Na ga samari suna jifan bakin kogo da tsakuwa wai don remaye su fito a ɗauki hoto, na ga mai cilla musu gutsuren burodi, na ga ledoji maƙale a tsagar dutse inda babu mai sharewa har iska ta kai su ruwa. Babu mugunta a ciki, rashin sani ne. Amma a babban daji irin na Binuwai, mai hekta 180,000, dabbar da aka dama tana da inda za ta gudu. A ɗan tsibiri ina za ta? Gabanta ruwa, bayanta ruwa.

Akwai darasi a Senegal. Kusa da gaɓar Dakar akwai wasu 'yan tsibirai da ake kira Madeleine, an mayar da su gandun ƙasa a 1976, kuma suna cikin gandaye mafi ƙanƙanta a duniya. Baƙaƙen duwatsu ne da gajerun kukoki waɗanda iskar teku ta hana tsawo, da wani farin tsuntsu mai jan baki da doguwar jela da ke ƙwai a ramukan dutsen. Birni mai miliyoyin mutane na kallonsu ta taga, amma ba kowa ke tsallakawa yadda ya ga dama ba: ta hannun ma'aikatan gandu ake shiga jirgi, a zagaya, a dawo kafin dare. Tun kafin hukuma ma, masuntan ƙabilar Lebu sun ɗauki wurin gidan wani aljani mai tsaron Dakar, don haka ba sa gina gida a kai. Ba cewa nake mu nemo wa Lagdo aljani ba. Abin lura shi ne, abin da ya tsare wurin haddi ne, an yarda ƙaramin wuri mutane kaɗan yake ɗauka.

Na san abin da za a ce, kuma mai faɗa yana da hujja. Masuncin da ke bakin Lagdo, ko Bahaushe ne, ko Musgum, ko Kotoko, ko wanda iyayensa suka zo daga Mali lokacin da tafkin ke ambaliya da kifi, zai ce maka: "Malam, giwan ruwa ya yi wuya, karfasar ma ƙanana muke kamawa, yashi na cike tafki, kai kuma ta rema kake yi?" In baƙi ashirin sun zo ya kwashe su a sawu ɗaya, cefanen mako ya samu. Ka ce masa ya ɗauki goma, ka raba masa abinci biyu. Wani kuma zai ce duk kuɗin shiga da aka ɗora, aljihun wani zai faɗa, tsibirin ba zai ga ko kwandon shara ba. Wannan ma ba ƙarya ba ne, mun sha gani.

Shi ya sa nake ganin dokar da za ta yi aiki ba wadda za a rubuto daga Yawunde a liƙa a allo ba ce. A bakin ruwa za a kafa ta, a hannun masu jiragen su kansu. Suna da shugabanninsu, suna da layi, sun san wanda ya fita da wanda ya dawo. Idan suka haɗa baki a kan farashin da ya fi na yanzu da adadin mutanen da jirgi zai ɗauka, ba wanda ya yi asara: mutum goma su biya abin da ashirin ke biya a da. Wanda ya iya ɗauko mota daga Garwa da kular kaji ba zai kasa ba. Mai jirgin shi ne kuma zai zama mai gadi, don ya san ranar da remaye suka ƙare, baƙi sun ƙare. Aikin magajin garin Lagdo da wakilan ma'aikatar yawon buɗe ido shi ne su tsaya bayan wannan yarjejeniya, su kuma samar da rigunan ruwa. Maganar rigar nan ba ado ba ce. Mafi yawanmu 'yan tudu ne, ba mu iya iyo ba, iska kan taso a tafkin da yamma ba sallama, dorina kuma in tana da ɗa ba ta san wasa ba.

Sai wani abu da ke ba ni mamaki. A cikin Garwa muke da makarantar koyon kula da namun daji tun 1970, wadda ta horar da ma'aikatan gandu daga ƙasashen Afirka da dama masu magana da Faransanci. Tafiyar sa'a guda ce da 'yan kai tsakaninta da Lagdo. Me zai hana ɗalibanta su riƙa ƙidaya remayen nan duk shekara, a manna adadin a bakin ruwa kowa ya gani? A wannan yanki namu ne baƙin karkandan yammacin Afirka ya yi zamansa na ƙarshe. An fita nemansa a 2006 ba a ga ko ɗaya ba, a 2011 aka sanar ya ƙare a duniya. Da ƙahonsa da girmansa ya ɓace muna kallo, balle rema.

Mai niyyar zuwa bana, ya je tsakanin Nuwamba da Fabrairu, kafin zafin Garwa ya kankama. Ya kwana kusa ya shiga jirgi da sassafe, lokacin ruwa na kwance kuma remaye na fitowa shan hantsi. Ya bar sifika a mota, ya hana yara wanka a gefen da ruwa ke kwance saboda tsargiya, ya riƙe buhu ɗaya na dawo da ledojinsa. In mai jirgi ya ce a ƙara mutum biyar a kan waɗanda suka cika benci, ya sauka ya jira sawu na gaba.