Koriyar jakar Yaya

Saura mako ɗaya in taso gida daga Landan hutun ƙarshen shekara, Yaya ta kira ni. Ba ta tambayi karatu ba, ba ta tambayi sanyi ba. "Auta, kana ji na? Matar maƙwabcinmu ta dawo daga Landan da wata koriyar jaka mai rubutun ruwan gwal, an rubuta Harrods. Kullum da ita take zuwa islamiyya. Ni ma ita nake so." Na ce, "To Yaya, me za a sako a ciki?" Ta ce, "Gyale. Amma jakar ce kan gaba."

Ni kuwa a Kantin Kwari na tashi, a rumfar Baba, kuma karatun farko da ya ba ni shi ne ba a saye a rumfar farko. Don haka ranar Asabar na zuba riguna uku, na ɗora jibgegiyar rigar sanyi, na fita da niyyar zaga manyan kantunan garin in gwada farashi, in nuna wa Turawa cewa ɗan kasuwa ne ya zo.

Na fara da Selfridges a titin Oxford, wanda wani Ba'amurke, Harry Gordon Selfridge, ya buɗe a 1909. Shi ra'ayinsa a bar mutane su shigo su yi kallo ko ba za su sayi komai ba, kuma ranar na cika masa burinsa. Tagogin gilashin da ke bakin titi kowace ta kai ɗakin amarya girma, amma in ka duba kayan sayarwar da ke ciki ba su wuce takalmi ɗaya da jaka ɗaya ba. Sauran wurin duk ƙanƙarar ƙarya ce da fitilu da mutum-mutumi. Da Baba zai gani sai ya yi salati, don shi ko saman ƙofa bai bari ba sai da ya rataya atamfa. A ciki na ga wani gyale mai santsi, na juya 'yar takardar farashi, na buga lissafi da naira a waya. Na goge, na sake bugawa, ko yatsana ne ya zame. Bai zame ba. Na mayar da gyalen a hankali kamar mai kwantar da jaririn da aka sha wuya kafin ya yi barci.

Liberty ya fi kwanta mini a rai, don nan ne fagena: yadi. Ginin da kansa abin kallo ne, fari da baƙin katako, an gama shi a 1924 da katakon tsofaffin jiragen ruwan yaƙi guda biyu. Suna da wani yadin auduga mai ƙananan furanni da suke kira Tana, sunan wani tafki a Habasha. Na murza shi tsakanin yatsu, na ɗaga shi saitin fitila yadda Baba yake yi. Kaya kam ya yi, ba ƙarya. Sai dai da mita suke aunawa, kuma kuɗin mita ɗaya ya isa a yi wa yara ɗinkin sallah.

A Piccadilly akwai Fortnum & Mason, tun 1707 suke nan, su kuma harkarsu shayi da biskit da kwandunan kyauta. In don adon taga ne, a ganina su suka ci gasar, don tasu kamar ana ba ka tatsuniya, ka gama wannan taga ka matsa ta gaba. A saman ƙofarsu akwai agogo, duk sa'a wasu mutum-mutumi biyu suna fitowa su rusuna wa juna. Na tsallaka titi na tsaya minti ashirin, hancina na yoyo, ina jira. Agogo na fara kaɗawa, sai ga jar bas mai bene ta zo ta tsaya a gabana cak, wata ta biyo bayanta. Kafin su wuce, dattawan sun gaisa sun koma ɗaki sun rufe ƙofa.

Ga rana a Landan cikin Disamba ba ta da haƙuri, kafin ƙarfe huɗu ta faɗi. Ban gama narkar da abincin rana ba magariba ta yi.

Abin kunyar ya faru ne a wani kanti da ba zan kama sunansa ba. Da farko na samu wani gyale mai ɗan dama-dama, na kai wa matashiyar da ke wurin biya, na ce mata nawa ne gaskiyarsa. Ta nuna takardar. Na taya rabi. Ta yi murmushi. Na ajiye na juya a hankali, ina jan ƙafa, ina jiran a ce "zo ka kawo". Har na kai ƙofa ba wanda ya kira ni. Da na waiga, tana yi wa wani ciniki.

Ina cikin wannan takaici na hango dogon layi a wani lungu. A iya sanina, duk inda ka ga layi akwai rabo, ko dai an karya farashi ko ana raba wani abu. Na bi sahu ban tambayi kowa ba. Na lura kusan kowa da yaro a hannu, na ce lallai rangwamen na kayan yara ne, 'ya'yan Yaya sun tsinci dami a kala. Minti arba'in ina tsaye, zufa ta jiƙa riguna ukun nan, don cikin kanti zafi ne kamar gidan burodi. Da na iso gaba sai ga wata cikin koren kaya da hula mai ƙararrawa, ta leƙa bayana, ta leƙa gefena, ta ce ina yaron nawa, ina kuma tikiti. Ta labule na hango wani dattijo mai farin gemu da jajayen kaya a kan kujera, ana ɗaukarsa hoto da yara. Ashe layin ganin Baban Kirsimeti na bi, ni da gemuna. Na ce mata na bar yaron a mota. Ba ni da yaro, ba ni da mota.

Sai bayan isha na isa Knightsbridge, unguwar da kantin Harrods yake. Harrods da dare abin a tsaya ne, dubban ƙwayayen fitila sun zagaye ginin tun daga ƙasa har ƙubba. Mutanen Katar ne suka saye shi a 2010 daga hannun Mohamed Al-Fayed, kuma ko'ina ka juya Larabci kake ji, har na fara sa ran za a duba zumunci. A 1898 suka kafa matakala mai tafiya da kanta, abin da mutanen Ingila ba su saba gani ba, har akan ba wanda ya firgita ɗan kurɓin barasa a sama don hankalinsa ya dawo. Ni ba matakala ce ta firgita ni ba, kuma ruwa na nema.

Dabara ta zo mini. Na sayi gwangwanin shayi mafi ƙanƙanta, aka saka mini a koriyar jaka, ita ma 'yar ƙarama. A hanya na sayi gyalen fam biyar a wata rumfar bakin titi, na naɗe shi tsaf na cusa.

Ranar da na sauka Kano, ana zaune a falon Hajiya na miƙa tsaraba da hannu biyu. Yaya ta juya jakar gaba da baya. "Auta, wannan ai ta zuba kaya ce. Tata mai ƙyalli ce, mai kauri, da hannuwa. Ta ce sayar da ita ake yi a cikin kantin." Na tuna na wuce su jere a rataye, ban ko kalle su ba.

Baba bai ce komai ba. Ya miƙo hannu ya karɓi gyalen, ya murza, ya ɗaga saitin fitila. Sannan ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Nawa suka sallama maka?" Na ce fam biyar. Ya ce, "Irinsa muna da dila biyu a sito, tun bara sun ƙi tafiya."

Gwangwanin kuwa Hajiya ta juye shayin a leda, yanzu daddawa take ajiyewa a ciki.