Shirin farfaɗo da Wad Madani: su waye a cikin kwamitin?

Na yarda da mai wani rahoto kan shirin farfaɗo da Wad Madani, wani birni a ƙasar Sudan, cewa mazauna garin ne ya kamata su tsara yadda garinsu zai farfaɗo, domin tun daga Disambar 2023 da garin ya faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin Sudan har zuwa Janairun 2025 da sojoji suka ƙwato shi, aikin gayya da ɗakunan girkin unguwanni ne suka riƙe rayukan jama'a da dama. Sai dai rahoton ya tsaya kan gyaran kasuwa da tituna, alhali arzikin garin yana rataye ne da babban aikin noman ban ruwa na yankin Jazira, wanda ke shan ruwa daga madatsar Sinnar tun 1925. Muddin magudanan ruwa suna cike da laka da ciyawa, babu auduga, alkama ko gyaɗar da za ta shigo kasuwar da ake son gyarawa. Wani malami da ya yi sharhi kan rahoton ya ce a sakar wa jama'a komai; ina roƙonsa ya tuna da dokar aikin noman Jazira ta 2005, wadda ta ɗora wa ƙungiyoyin manoma kula da ƙananan magudanai ba tare da isassun kuɗi ko kayan aiki ba, kuma ban ruwa bai gyaru ba. Sannan su waye jama'ar? Ma'aikatan gona mazauna kanabi, wato sansanonin 'yan ƙwadago da ke gefen gonaki, ciki har da Hausawa 'yan'uwanmu, sun shekara da shekaru suna noma ƙasar da ba su mallaka ba. Shin za a ba su kujera a kwamitin tsara farfaɗo da garin, ko masu filaye da 'yan kasuwa ne kaɗai za su yanke hukunci?