Ranar da Wuyan Jitata Ya Miƙe

Da na zo haɗa wuyan jitar da na shafe wata biyar ina sassaƙawa, maigidana a sana'a ya ba ni shawara in ɗaure shi da noti huɗu, yadda Leo Fender, maƙerin jita ɗan Amurka, ya yi tun 1950, domin idan wuyan ya karkace sai a kwance, a cusa siririn katako, a sake ɗaurewa. Na ƙi, saboda a ganina noti aikin masu haɗa kujera ne. Na zaɓi haɗin wutsiyar kurciya irin na jitocin kamfanin Martin, wanda gindin wuyan ke zama daram a gurbinsa. Gurbin da na sassaƙa ya yi faɗi, sai na cike giɓin da gam, na ce ai babu mai leƙawa ciki.

Ranar ɗaura tsirkiya har mutane na gayyata. Na manta cewa tsirkiyoyin ƙarfe shida suna jan wuya da ƙarfin da ya kai wajen kilo 70. Ina kan ta biyar na ji wata 'yar ƙara, na yi tari don in rufe ta. Daga nan duk tsirkiyar da na ɗaure sai muryarta ta sauka, ni kuwa na ci gaba da murɗawa ina yi wa jama'a bayani cewa haka sabuwar tsirkiya take, alhali su suna kallon wuyan yana tasowa a hankali kamar raƙumi zai miƙe. Babu wanda ya ce uffan, sai da ƙanin matata ya zura tafin hannunsa gaba ɗaya tsakanin tsirkiya da katako, ya ce, "Yaya, wannan jita ce ko baka?"

Wannan yaron shi ne ya ari abin matse katakona tun bara bai dawo da shi ba, kuma da shi zan matse haɗin kafin gam ya bushe. A maimakonsa tsohuwar roba na naɗa. Har yau idan na yi maganar sai ya ce yana nema, amma labarin "jita ce ko baka" bai taɓa ɓace masa ba.

Maigida bai yi dariya ba, wanda hakan ya fi ciwo. Ya ajiye noti huɗu a kan teburi ya fita. Suna nan cikin gwangwani, ko da yake ɗaya ya ɓata.