Zanen katun ba kumbura komai ba ne

Ɗalibai da dama masu koyon zanen katun a nan Legas sun ɗauka in za a zana dabba mai ban dariya, sai a kumbura komai: ido ƙato, haƙora waje, kunne har ƙasa. Haka ƙanena a Agege ya yi wa kurarsa a aikin aji, ta fito ba kura ba, ba kare ba.

Abu ɗaya ake zaɓa a ƙara masa gishiri. Kura ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo, bayanta a gangare yake. Wannan gangarar za ka ƙara, nan take a gane ta. Kuma haɗama ba a fuska kaɗai take ba. Je kasuwar dabbobi ta Oko-Oba a Agege ka kalli akuya in ta hango dusa: wuya ya miƙe, kunnuwa sun yi gaba, tun ba ta ɗaga ƙafa ba.

In ka gama, shafe zanen da baƙi gaba ɗaya, ka ga ko inuwar kaɗai ta nuna kura mai yunwa. Ka kuma rage layuka, domin in fim za a yi da zanen, hoto 24 yake ci a sakan ɗaya, kuma hannunka ne zai yi ta maimaita su.