Karatun adana bayanan lafiya ba matattarar waɗanda suka rasa gurbin jinya ba ce

Lokacin sayar da fom ya sake zagayowa, kuma duk mai sauraron rediyo a Katsina ko mai leƙa Facebook ya ga yadda makarantun koyon aikin lafiya masu zaman kansu ke ta zuba talla. Abin da ya tunzura ni shi ne matsayin da aka ajiye kwas ɗin kula da bayanan lafiya a cikin wannan kasuwa. Yaron da bai samu gurbin jinya ba, yarinyar da makinta bai kai na ungozoma ba, su ake lallashi da cewa su shiga wannan, "ai ba wuya, kuma dai asibiti ne." Iyaye su biya, a ɗinka wa ɗalibi farin kaya, a shekara biyu ko uku ana kwafar darasi daga allo, a miƙa masa difloma.

Tushen wannan raini shi ne tunanin da ya zauna a zukatan mutanenmu, har da wasu manya a harkar lafiya, cewa aikin ɗakin kati yankan kati ne kawai: ka rubuta suna, ka ba da lamba, ka ce na gaba ya matso. Idan haka ne, kowa ma zai iya, kuma kowace makaranta za ta iya koyarwa. Wannan tunani kuskure ne, kuma marasa lafiya ne ke biyan kuɗinsa.

A duba abin da ake buƙata daga jami'in da aka horar da gaske. Dole ya san sassan jikin ɗan'adam da kalmomin likitanci, domin shi zai karanta abin da likita ya rubuta ya mayar da shi lambar cuta bisa kundin rarraba cututtuka na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda sabon bugunsa na 11 ya fara aiki a Janairun 2022. Dole ya iya lissafi, ya san gado nawa ke cike, kwana nawa majinyaci ke yi, mata nawa suka haihu, nawa aka yi wa tiyata, nawa suka rasu kuma me ya yi ajalinsu. Shi ke tattara rajistocin awon ciki da rigakafi da na masu zuwa ganin likita, ya fitar da taƙaitaccen rahoton wata, a shigar da shi manhajar DHIS2 da Najeriya ke tara bayanan lafiyarta a ciki. Daga nan alƙaluman ke hawa ƙaramar hukuma, su wuce ma'aikatar lafiya ta jiha, su isa Abuja. Da su ake yanke shawarar yawan maganin zazzaɓin cizon sauro da za a tura Baure, ko allurar ƙyanda da za a kai Jibiya. Idan wanda ke zaune a teburin farko bai san bambancin sabon majinyaci da wanda ya dawo ba, ko ya cike gurbin da ya ɓace da ƙiyasi don kar a yi masa faɗa, to ƙarya ta hau sama da hatimin gwamnati. Ruwa ba ya tsami banza; yawancin lissafin da ke ruɗa mu a sama, daga wannan tebur ya gurɓace.

Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 34 da mazaɓu 361, kuma gwamnati ta sha faɗin burinta na samar da ingantaccen ƙaramin asibiti a kowace mazaɓa. Buri ne mai kyau. Amma kowane ɗaya daga cikinsu yana buƙatar wanda zai riƙe bayanansa, kuma a yawancin asibitocin karkara ma'aikacin lafiyar da ke duba marasa lafiya shi ne ke cike rajista da daddare bayan ya gaji, ko a bar wa ɗan sa-kai. A gefe guda kuma ga matasa da takardar difloma a hannu suna zaune a gida, wasu saboda ba a ɗaukar aiki, wasu saboda takardar tasu ba ta da daraja a gaban doka.

Wannan na biyun shi ya fi ƙona mini rai. Sana'ar tana da hukumar da ke yi wa jami'anta rajista, HRORBN, wadda aka kafa da doka tun 1989, kuma ita ke amincewa da makaranta, ta shirya jarabawar ƙwarewa, ta ba da lasisi. Difloma ta ƙasa kuma sai da amincewar hukumar kula da ilimin fasaha ta ƙasa, NBTE, da ke Kaduna. Uba nawa ne a Daura ko Mashi ya taɓa jin waɗannan sunaye kafin ya sayar da buhunan gero ya biya kuɗin makaranta? Mai talla ba zai gaya masa ba. Sai yaro ya gama, ya je neman aiki a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko a hukumar kula da asibitocin jiha, a tambaye shi lasisi, sannan ya gane an cuce shi. Ban ce duk makarantun kuɗi haka suke ba, akwai masu ƙoƙari. Amma makarantar da ke koyar da sarrafa bayanai alhali ɗalibanta ba su da kwamfutar da za su taɓa, ba ta da asibitin da take tura su koyon aiki, kasuwanci take yi da jahilcin iyaye.

Masu cewa kwamfuta ta zo, nan gaba kaɗan ba a buƙatar ɗakin kati, ba su taɓa tsayawa sun ga abin da ke faruwa ba idan aka ɗora manhaja a hannun wanda bai san aikin ba: mutum ɗaya ya tashi da lamba uku, tarihin hawan jininsa ya rabu gida uku, likita ya rubuta magani bai ga abin da aka ba shi watan jiya ba.

Akwai kuma batun amana, wanda a garuruwanmu ya fi ko'ina nauyi domin kowa ya san kowa. Fayil ɗin matar da ta yi ɓari, sakamakon gwajin cuta mai karya garkuwar jiki, bayanin saurayin da ke karɓar maganin taɓin hankali, duk ta hannun wannan jami'i suke wucewa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta ɓoye sirrin majinyaci, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta ƙara ɗaure abin. Kalma ɗaya ta fita daga ɗakin kati, aure na iya mutuwa kafin la'asar. Wannan tarbiyya a aji ake dasa ta, a hannun malamin da shi kansa ya yi aikin, ba wanda aka aro daga wani fanni don cike jadawali ba.

Ga inshorar lafiya kuma, wadda dokar 2022 ta mayar wajibi, kuma jiha na da tata hukumar inshorar lafiyar. Asibiti ba ya karɓar kuɗinsa sai da bayanin da aka cike daidai. Ko alƙaluman da suka girgiza mu a Yulin 2025, lokacin da ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 sun rasu da tamowa a cibiyoyinta na Katsina cikin wata shida, sun fito ne saboda wani ya zauna ya rubuta kowane yaro. Nawa ne suka rasu a wuraren da babu mai rubutawa?

Jihar da ke da tsofaffin makarantun fasahar lafiya a Kankiya da Daura ba ta da uzurin barin wannan fanni a hannun 'yan talla. Ma'aikatar lafiya ta wallafa sunayen makarantun da aka amince su koyar da kwas ɗin, da Hausa, a karanta a rediyo kafin a fara sayar da fom. Wadda ba ta da ɗakin kwamfuta mai aiki a hana ta ɗaukar ɗalibai. Idan kuma an tashi ɗaukar ma'aikatan lafiya, a ware wa masu lasisin bayanan lafiya gurabensu, a tura su asibitocin mazaɓu, a daina cike teburin da ɗan wane da aka rasa inda za a ajiye shi.